Yadda Za Ka Kiwata Tsutsa Mai Rai A Gida Don Kifin Ado

Duk wanda kifinsa na ado ya taɓa yin ƙwai a akwatin gilashi ya san inda gizo ke saƙar. Ƙyanƙyasa ba ta da wuya. Wahalar tana farawa ne kwana biyu zuwa uku bayan nan, lokacin da 'ya'yan suka shanye ɗan gwaiduwar da ke manne a cikinsu, suka fara iyo suna neman abin kaiwa baki. Sai mutum ya daka abincin gwangwani ya yi laushi ya barbaɗa musu, su kuwa ko kallonsa ba sa yi. Garin ya nutse, ya ruɓe, ruwa ya yi gurɓi, kafin mako ya zagayo 'ya'ya ɗari sun koma goma. Ba cuta ce ta kashe su ba, yunwa ce da ƙazantar ruwa. 'Ya'yan kifi irin su betta, angelfish da tetra abin da ke motsi suke kai wa cafka, kuma sai wanda zai shiga ɗan bakinsu.

Masu ƙyanƙyasar tarwada sun saba da Artemia, wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri, kuma abinci ne mai kyau ƙwarai. Amma daga waje ake shigo da ƙwansa, farashinsa yana bin dala, kuma ƙyanƙyasarsa tana son ruwan gishiri da famfon iska mai aiki kusan yini guda ba yankewa. Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa a ga dama ya san abin da hakan ke nufi. Tsutsa ba ruwanta da wuta. Roba, ɗan hatsi da inuwa kawai take so. Abu biyu ne ke kashe ta a ƙasarmu: zafi, da yawan abincin da mai ita ke zuba mata. Kusan duk abin da ke cikin wannan jagora a kan waɗannan biyun yake yawo.

Wace tsutsa, ga wane kifi

Kafin ka sayi komai, dubi bakin kifinka. Na 'yan kwanaki suna buƙatar maikurowom, wadda masana ke kira Panagrellus redivivus. Tsawonta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, siririya ce har da ƙyar ido ke raba ɗaya da 'yar uwarta. Idan 'ya'yan sun kai kamar santimita ɗaya da rabi, sai tsutsar Grindal, fara mai tsawon kusan santimita 1, wadda manyan guppy, molly, betta da killifish ma suke rububinta. Manyan kifaye kuwa, irin su oscar, goldfish da ya girma, koi, kurungu ko gaiwar da wasu ke ajiyewa don sha'awa, tsutsar tana ce tasu, wadda yara ke tonowa su sa a ƙugiya.

Akwai wata da za ka yi ta cin karo da ita a bidiyoyin Turai da Amurka, farar tsutsa, Enchytraeus albidus. Kada ka ɓata kuɗinka. Sanyi take so, ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafi yana doshin 27 take fara mutuwa. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, sai dai in kana da firiji na musamman da wutar da ba ta ɗaukewa. Grindal 'yar uwarta ce ta jini, ta fi ta ƙanƙanta, ta kuma fi ta jure ɗumi nesa ba kusa ba.

Abu biyu kuma ka nisance su. Jajayen tsutsotsin da ke cikin taɓon kwata kifi na son su, amma suna tafe da duk ƙazantar inda suka fito, kuma hanya ce mai sauƙi ta shigo da cuta akwatinka. Sai 'ya'yan sauro. Babu shakka abinci ne mai kyau ga kifi, sai dai a zafinmu ƙwan sauro kan zama sauro mai tashi cikin kwana bakwai zuwa goma. Mantuwar kwana biyu ta isa ka cika gida da maƙwabta da zazzaɓin cizon sauro. In ka ga 'ya'yan sauro a wani ruwa da ya kwanta, tace su ka ba kifi ka zubar da ruwan, amma kada ka girka baho da niyyar kiwonsu.

Neman iri

Maikurowom da Grindal ba sa fitowa da kansu daga kunu ko ƙasa, sai an samo iri. Tambayi masu sayar da kifin ado na garinku, ko zaurukan masu kiwo a WhatsApp da Facebook. Cokali guda na kunun da tsutsa ta kama ya ishe ka har abada, in dai ka riƙe shi da kyau. Idan an kawo maka, karkata robar wajen haske ka duba saman: in yana ƙyalli yana wani irin motsi a hankali kamar yana numfashi, da rai. In ya yi tsit, ya yi duhu, yana warin ruɓa, mayar wa mai shi.

Za ka ga masu cewa a binne dankali a ƙasa a tono bayan mako a sami iri kyauta. Tsutsa dai za ka iya samu, amma ba ka san wace iri ba ce, kuma ba kowace ce ke yaɗuwa a kunu ba. Ni dai ban ga dalilin wannan cacar ba alhali cokali guda na ainihin irin ba shi da tsada.

Maikurowom, daga tukunya zuwa bakin kifi

Sami robobi uku masu murfi, irin na zuba abinci ko na ayis kirim, masu faɗi ba masu zurfi ba, domin tsutsar a saman kunu take zama inda iska ke isa. Wanke su tas, ka ɗauraye har sai babu ɓurɓushin sabulu. Zafafa allura ka huda murfin wuri biyar ko shida. In ramin ya yi faɗi, toshe shi da ɗan auduga, saboda ƙananan ƙudajen nan masu bin ayaba da mangwaro suna jin ƙanshin tsami daga nesa, kuma da sun shiga sun yi ƙwai, tsutsarsu za ta mamaye taka.

Sai dama kunun. Garin Quaker Oats ne aka fi amfani da shi, garin masara ma yana yi. Cokali huɗu ko biyar a ruwan zafi, a dafa har ya yi kauri yadda in ka ja cokali a tsakiya layin zai ɗan daɗe kafin ya haɗe. Ba gishiri, ba sukari, ba madara, ba kanwa. Zuba shi a roba ya kai kaurin santimita 1 zuwa 1.5 kawai. Mutane kan cika robar suna ganin yawan abinci shi ne yawan tsutsa, alhali na ƙasan ba abin da yake yi sai ruɓewa ya jawo wari da wuri.

Bar shi ya huce sarai. Sa bayan yatsa ka taɓa, in da sauran ɗumi ko kaɗan, ƙara jira. Sannan ka barbaɗa yis na burodi ɗan abin da yatsu biyu za su tsunkuno, ka yayyafa ɗigon ruwa kaɗan don ya jiƙe. Ainihin abincin tsutsar ke nan, yis da ƙwayoyin bakteriya da ke tsirowa a kan kunun. Yanzu ɗauko cokalin irinka ka shafa a sama. Kada ka juya shi ya shige ciki. Goge bangon robar ta ciki da kyalle mai tsabta, domin daga nan za ka riƙa girbi, ba ka son kunu a wurin. Rufe, rubuta kwanan wata a murfi, ka ajiye a inuwa.

Ka kuma rubuta abin da ke ciki da manyan baƙi. A gidan da ke da yara, roba mai kama da koko a ƙarƙashin gado ba ta daɗewa ba a buɗe ta ba.

Yaɗuwarta tana da ban mamaki. Ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi. Mace guda kan haifi 'ya'ya 10 zuwa 40 kowane yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi, 'ya'yan su balaga cikin kamar kwana 3, kuma kowace tana rayuwa kwana 20 zuwa 25. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 29. Daga kwana na uku za ka ga ƙyallin ya bazu ko'ina a sama, zuwa kwana biyar ko bakwai kuma wani farin danshi ya fara hawa bangon robar, yana yin zane-zane masu rassa. Tsutsa ce zalla, cunkoso ya kore ta daga ƙasa ta hau neman iska.

Girbi shi ne ka sa yatsa, ko ɗan tsinken goge kunne, ko ƙaramin burushin zane, ka sharo wannan farin daga bango, sama da inda kunu ya tsaya. Kada ka kai shi akwatin kai tsaye. Ɗebi ruwan akwatin a ƙaramin kofi na gilashi, ka kaɗa yatsan a ciki, ka jira minti biyu zuwa uku. Tsutsar za ta kwanta a ƙasa, ruwan sama ya ɗan yi fari da ragowar yis. Tsiyaye na saman, ƙara ruwa mai tsabta, sannan ka zuƙo da sirinji marar allura ka ɗiɗɗiga kusa da inda 'ya'yan kifin suka taru. Wannan ɗaurayar ce ke hana ruwan ƙaramin akwati yin hazo.

Tsaya ka kalla. Ɗan kifin zai lanƙwasa jikinsa, ya tsaya cak, sannan ya kai cafka. Bayan minti goma zuwa sha biyar, in ka haska tocila ta gefe, za ka ga cikinsu ya yi fari ya ɗan kumbura. Sun ƙoshi ke nan. Gara ka ba su kaɗan sau uku ko huɗu a yini da ka zuba da yawa sau ɗaya.

Maikurowom ba ta iyo, nutsewa take yi ta kwanta tana mutsu-mutsu a ƙasa na wasu awoyi kafin ta mutu. Saboda haka akwatin raino ya zama ba tsakuwa ba yashi, gilashi zalla, in ba haka ba za ta shige tsakanin tsakuwa ta mutu ta ɓata ruwa. Kowace yamma sa siririn tiyo na famfon iska ka zuƙe abin da ya rage a ƙasa cikin farin kofi, ka duba kofin da kyau kafin ka zubar, don kusan kullum akwai ɗan kifi ɗaya da ya biyo. Mayar da ruwan da ka cire da wanda ya kwana, mai ɗumi daidai da na akwatin.

Hanci ne zai gaya maka lafiyar robar. Tsami irin na ƙullun da ya kwana alama ce ta lafiya. Idan warin ya koma na ruɓa, kunun ya yi ruwan kasa ya tsinke, hawan bango ya ragu, ta kusa ƙarewa. In tsinkewa ce kawai ba wari, barbaɗa busasshen garin oats ko ka ɗora ɗan gutsuren burodi ya tsotse ruwan, za ka ƙara samun kwanaki. Lokacin hunturu akasin haka ake fama da shi: saman kan bushe ya yi ɓawo, sai ka yayyafa ruwa ka toshe wasu daga ramukan murfin. Funfuna mai kore ko baƙi takan fito ne a kwanakin farko kafin tsutsa ta mamaye wurin. Kwashe ta da cokali, kuma nan gaba ka ƙara yawan irin da kake shafawa.

Dalilin robobi uku shi ne kada duka su tsufa rana ɗaya. A ƙasashe masu sanyi roba guda kan kai wata, a wajenmu ka ɗauka kwana 10 zuwa 14 ne. Don haka duk kwana biyar ko shida ka dama sabon kunu, ka ɗebo iri daga bango ko saman robar da ta fi ƙarfi, ka zubar da wadda ta fi tsufa. Kada ka jira sai ta yi wari kafin ka ɗebi iri, lokacin ka makara. In tafiya ta kama ka, sa roba guda a ƙasan firiji, ba wajen ƙanƙara ba. Sanyi yana rage mata sauri ba tare da ya kashe ta ba.

Gargaɗi guda: maikurowom abincin fara rayuwa ce. Bayan mako biyu zuwa uku ka fara haɗa musu da wani abu, dakakken abincin gwangwani ko ƙananan Grindal, domin 'ya'yan da suka daɗe a kanta ita kaɗai ba sa girma yadda ya kamata.

Bazara

Yawancin masu kiwo a watan Afrilu suke rasa irinsu. Ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka kan dafa robar cikin awoyi kaɗan. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye kusa da robobin, ka daina dogaro da yadda jikinka ke ji. Wuri mafi sanyi a gida galibi ƙasa ne, a kan daɓe, a kusurwar da rana ba ta bugun bangonta, ko gindin randa inda yashi ke da laima kullum.

In hakan bai isa ba, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka tun shekarun 1990 don adana tumatir da ganye, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Babbar tukunyar ƙasa, a sa ƙarama a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen kyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa yana tafiya da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi da digiri da dama. Jera robobinka a ciki, ka ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke wucewa, ka jiƙa yashin safe da yamma. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska, wato daidai watannin da ka fi buƙatarta. Da damina ta sauka ƙarfinta kan ragu, amma lokacin zafin ma ya sassauta.

Grindal

Wannan ba a kunu take zama ba, shimfiɗa take so mai laima. Mafi kyau shi ne garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule a wajen masu rainon shuke-shuke. Jiƙa shi ya kumbura, ka wanke sau biyu ko uku don wani yana zuwa da gishiri. In ba ka samu ba, baƙar ƙasar lambu da ba a yi wa feshi ko takin zamani ba za ta yi, amma ka turara ta a tukunya ta huce tukuna don kashe ƙwari da ƙwansu. Gwajin laima: damƙi cikin hannu ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

Zuba shimfiɗar santimita 3 zuwa 5 a roba mai hudadden murfi, ka yi ɗan gurbi a tsakiya ka juye irin. Ɗora abinci a kai: ƙwaya biyu ko uku na abincin tarwada da aka jiƙa, ko ɗan garin oats. Sai ka kifa ɗan gilashi ko yankakken faifan roba a kan abincin, ka rufe, ka sa a duhu. Grindal ba ta son haske ko kaɗan.

A nan ne haƙuri ke aiki. Washegari ɗaga gilashin. In abincin ya ƙare, ƙara daidai wancan ko fiye kaɗan. In da saura, kada ka ƙara. In ya yi funfuna, kwashe shi ka rage na gaba. Ƙa'idar ita ce abin da za su cinye cikin yini guda. Abincin da ya kwana biyu yana tsami, yana ɗumama shimfiɗa, yana kuma kiran ƙwari. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ka ɗaga gilashin za ka tarar da ƙasansa ya yi fari da tsutsa manne. Tsoma shi a kofin ruwa su zube, ka ɗauraye sau biyu, ka ba kifi. Kada ka taɓa kwashe duka, bar fiye da rabi kullum.

Grindal tana da maiƙo. Kifin da ke cinta kullum kan yi kitse, har haihuwarsa ta ragu. Sau biyu ko uku a mako ya isa ga manya. Inda ta fi amfani shi ne kwana bakwai zuwa goma kafin ka haɗa mace da namiji, lokacin da kake son macen ta cika da ƙwai.

Idan ka tarar tsutsar ta tattaru a bango da murfi tana neman hanyar fita, wani abu ya ɓaci a ƙasa: ko zafi, ko ruwa ya yi yawa, ko shimfiɗar ta yi tsami. Kwashe su ka koma sabuwar shimfiɗa. Wasu ƙananan ƙwari kuma, farare ko ruwan kasa, masu kama da ɗigon gari mai tafiya, sukan bayyana a kan abincin. Ba sa cin tsutsar amma suna cinye mata abinci. Ɗebi dunƙulen tsutsa ka zuba a kofin ruwa: ƙwarin za su taso sama, tsutsar ta nutse ta cure wuri ɗaya. Tsiyaye, maimaita sau uku, ka fara sabuwar roba da wankakkiyar. Kiyashi kuwa, ɗora robar a kan bulo cikin faranti mai ruwa, ka ɗiga ɗan sabulun ruwa a farantin don kada sauro ya samu wurin ƙwai.

Tsutsar tana

A nan mun yi sa'a, domin ɗaya daga cikin irin da duniya ke kiwo, Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma ne, ta saba da ɗumi. Da damina ka nemi iri a ƙarƙashin tsohon jujin taki, gindin ayaba ko gefen lambu mai laima, ba a gonar da aka yi wa feshi ba. Zaɓi masu ja-ja da shuɗin ƙyalli, masu zillo da ƙarfi in an taɓa su, waɗanda ke zaune a sama cikin ruɓaɓɓen ganye. Waɗanda ake tonowa can cikin ƙasa ba sa yaɗuwa a baho. In kuma saya za ka yi, ka san cewa Eisenia fetida, ja mai zobe-zobe da masu haɗa taki ke sayarwa, tana fitar da wani ruwa rawaya mai wari wanda wasu kifaye ke tofarwa.

Huda ƙasan baho ko bokiti, ka ɗora shi a kan wani don tare ruwan da ke ɗiga. Shimfiɗar ita ce tsohuwar kashin shanu da ta bushe ta huce, a jiƙa, a haɗa da yagaggen kwali da busasshen ganye, zurfin kamar taƙi guda. Ɗanyen kashin kaji zai ƙone su, kada ka kusanto da shi. Bar haɗin ya kwana uku, ka cusa hannu ciki: in da zafi, bai yi ba tukuna. Sannan ka zuba tsutsar a sama su shige da kansu, ka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A daren farko da na biyu bar fitila a kunne a kansu, don wannan irin yana da son gudu cikin dare, musamman in ana ruwa.

Abincinsu ɓawon ayaba, ɓawon kankana, kabewa, ganyen shayin da aka gama da shi, da ɗan barbaɗen dusa. Binne shi a kusurwa guda, in ya ƙare ka koma wata. Ban da gishiri, mai, nama, barkono, albasa da lemon tsami. Kaji, ɓeraye, kwaɗi da ƙadangaru duk suna son abin da ke cikin bahon, don haka a sa masa murfin raga. Ƙwansu kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, 'ya'yan su balaga cikin mako shida zuwa bakwai, saboda haka ka ba su wata biyu zuwa uku kafin ka fara ɗiba. Su ma zafin da ya doshi digiri 35 yana kashe su, inuwa da jiƙa buhu wajibi ne a bazara.

Wajen girbi, juye ɗan abin da ke bahon a kan leda inda akwai haske, ka tara shi tsibi. Tsutsar za ta gudu ƙasa, kai kuma ka riƙa kwashe na sama a hankali har ka iske su cure. Waɗanda za ka ba kifi, ajiye su kwana guda a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin roba su fitar da ƙasar cikinsu, sannan ka wanke. Oscar da gaiwa za su haɗiye su ɗungurungum. Ga matsakaitan kifi, yayyanka da reza, ka ɗauraye, ka ba su kaɗan kaɗan.

Kwalbar ko-ta-kwana

Akwai wata 'yar tsutsa, Turbatrix aceti, da ke rayuwa cikin ruwan khal. Haɗa khal tuffa irin na shagunan magungunan Musulunci da ruwa rabi da rabi a kwalba, jefa yankan tuffa biyu ko uku, zuba irin, ka rufe baki da kyalle. Bayan kamar wata guda ta cika, kuma takan yi watanni ba a waiwaye ta ba. Ba ta yawa kamar maikurowom, amma tana iyo a saman ruwa inda sababbin 'ya'yan betta ke zama, kuma ita ce za ta rufa maka asiri ranar da kunu ya lalace. Don girbi, cika kwalba mai dogon wuya har gindin wuyan, cusa auduga ta taɓa khal ɗin, ka zuba ruwa mai tsabta a saman audugar. Zuwa 'yan awoyi tsutsar ta ratso sama neman iska, sai ka zuƙe da sirinji ba tare da tsamin ya shiga akwatinka ba.

Da zarar robobinka sun kama, ba wani mai kiwo cokali guda, ko da a wata unguwa yake, domin ranar da zafi ko tafiya ta hallaka naka, wajensa za ka koma. In ta mota za ka aika, zuba kunun kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramar kwalbar roba, sauran wurin iska ne. Kada ka ƙara yis a ranar, don iskar da yake fitarwa tana kumbura kwalba ta shaƙe tsutsar. Naɗe ta da jiƙaƙƙen kyalle, ka ba motar asuba, ka roƙi direba ya ajiye ta a gaba ƙarƙashin kujera, ba a but ba. Wanda zai karɓa kuma ya dama kununsa tun da safe, yadda zai huce kafin motar ta iso tasha.